Wa ya kwashe kayan /bin ya kai /usr, kuma wa aka tambaya?

Mushe Habu (Tawa):
Assalamu alaikum ƴan uwa. Maganata da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da ɗakin kwamfuta na lakwal ɗinmu nan Tawa. Inji goma sha huɗu ne, duka na hannu, muna aiki da Debian, wani nau'in tsarin Linux, sai wata babba guda da muke ajiye darussa da makin yara a cikinta. Ita babbar diski biyu gare ta, kuma tun farko na raba su: tushen tsarin a na ɗaya, /usr, jakar da mafi yawan shirye-shirye ke ciki, a na biyu. Haka aka koya mini. In na biyu ya samu matsala, na ɗaya zai tashi da ƴan kayan gyaran da ke cikin jakunkunan /bin da /sbin, in gyara, aiki ya ci gaba. Sau biyu dabarar nan ta fid da ni kunya.

Ran Talata da azahar kuran ya ɗauke, batirin ondila, na'urar da ke riƙe wa inji wuta in ta ɗauke, kuwa zafin bana ya riga ya gama da shi. Da wuta ta dawo na kunna, sai baƙin allo da kalma guda a ƙasa, initramfs, ɗan layi yana ƙiftawa gabanta. Yara talatin da biyu tsaye a bayana, fanka ba ta juyawa, gumi na ɗiga mini kan madannai. Na sallame su, na sa kile na USB na tayar da injin ta waje, na buɗe diski na ɗaya don in ga kayan gyarana. Sai na tarar /bin ba jaka ba ce kuma, alama ce kawai mai nuna /usr/bin. /sbin haka, /lib haka. Duk abin da na dogara da shi ya koma cikin diskin da ya ƙi buɗuwa.

Lalacewar diski ban ɗora wa kowa ba. Wuta ce da zafi, sai ni da ban karanta bayanin sabuntawa ba lokacin da na hau Debian 12. Tambayata daban ce. Wa ya zauna ya yanke cewa a kwashe kayan nan? Kuma mutum irina, mai tsohon inji da wutar da ba ta da tabbas, an tuna da shi a zaman?

Sani (Katako, Yamai):
Wa alaikumus salam. Sannu Mushe, Allah shi kiyaye gaba. Kafin a shiga muhawara, makin yara ya tsira?

Mushe Habu:
Ya tsira Sani, alhamdu lillahi. Yana diski na ɗaya, kuma ina da kwafi.

Hadiza (Yamai):
Ina wuni Mushe. Sannu da wannan rana. Bari in fara da abin da zai yi amfani: wancan baƙin allon ba mutuwa ba ce. Shi initramfs ɗan ƙaramin tsari ne da ke shiga ƙwaƙwalwar inji kafin komai, kuma aikin da /bin ke yi da can shi ke yin sa yanzu. A Debian fsck, umarnin duba diski da gyara shi, na cikinsa. Da kun rubuta fsck da sunan kason diskin, kun amsa tambayoyinsa, sannan exit, da wataƙila ta tashi yara ba su watse ba. Kayan gyaran ba su ɓace ba, wuri aka canza musu.

Wanda ya yanke kuwa sananne ne. Cikin manyan nau'o'in Linux, Fedora 17 ce ta fara haɗe jakunkunan nan a 2012, kuma ma'aikatan kamfanin Red Hat ne suka ja ragamar aikin, Harald Hoyer da Kay Sievers. Arch ta bi, Ubuntu ta bi, Debian ta yi shekaru tana gardama kafin Debian 12 ta 2023 ta mayar da shi dole. A ƙarshen 2023 ɗin bugu na 255 na systemd, shirin da ke tayar da tsarin da hidimominsa, ya daina tallafa wa tsarin da ba a haɗe ba gaba ɗaya.

Zainabu:
Ku gafarce ni manya, ni sabuwa ce. Mi ya sa tun farko aka raba su? Na ga /bin, na ga /usr/bin, na ɗauka akwai wata babbar hikima.

Alhaji Ila (Yamai):
Zainabu ɗiyata, tambayarki ita ce gindin zancen. Rabon nan bai fito daga hikima ba, daga ƙarancin wuri ya fito. Farkon shekarun 1970, Ken Thompson da Dennis Ritchie suna gina Unix a Bell Labs kan injin PDP-11. Diskinsu bai kai megabayit uku ba. Na ɗaya ya cika, sai suka fara zuba shirye-shirye a na biyu, wanda dama jakunkunan masu amfani da injin ke kai, sunansa /usr. Abin da inji ke buƙata don ya tashi ya zauna a na ɗaya, saura ya tafi na biyu. Daga baya aka rubuta al'adar ta zama ƙa'ida. Ta Linux an fara ta a 1994, ita ce ta zama FHS, ƙa'idar shimfiɗar jakunkuna, bugu na 3.0 ya fito 2015.

Ni na yi aiki kan injin Sun a ofis kafin in yi ritaya, kuma a Solaris tun wancan zamani /bin alama ce mai nuna /usr/bin. To haɗewar ba baƙon abu ba ne a gidan Unix. Amma Habu, na fahimci ciwonka. Dabarar da aka yi don talaucin diski ta zo ta dace da talaucinmu na wuta, muka riƙe ta. Su can talaucin ya wuce musu, sai suka ajiye ta.

Laminu (ɗalibi, Tawa):
Baba Alhaji da girmamawa, amma kada a wanke mutanen nan. Ba jaka ɗaya ce kawai ba, layi ne guda. 2010 Lennart Poettering da Kay Sievers suka fito da systemd, Poettering albashinsa Red Hat ke biya, Sievers kuma daga baya ya koma can. 2011 Fedora 15 ta ɗauka. 2012 aka haɗiye udev, mai gane kayan da aka jona wa inji, aka sa shi cikin rumbun systemd, har ƴan Gentoo suka ware nasu eudev. Sai GNOME, fuskar allon da ake aiki a kai, ta jingina da logind, mai kula da shigar masu amfani, wanda shi ma ɗan gidan systemd ne. Kafin a farga, in kana son allon da kowa ya saba da shi sai ka ɗauki gidan gaba ɗaya. 2019 IBM ta sayi Red Hat dala biliyan 34. 2022 shi Poettering ya koma Microsoft. Wanga abu ne ake kira zaɓin jama'a? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni Devuan nake amfani da ita, wadda ta ware daga Debian, babu systemd ko ɗaya.

Hadiza:
Laminu ƙanena, shekarun da ka jera daidai ne, amma ka tsallake rabin labarin. Wa ya fara sauya yadda Linux ke tashi? Canonical ce, kamfanin Ubuntu, da nata shirin tayarwa Upstart, a Ubuntu 6.10 cikin 2006. Ita kanta Red Hat ta yi amfani da Upstart a nata Linux, RHEL 6. Da rigima ta kai kwamitin fasaha na Debian a Fabrairu 2014, mutum takwas ne, huɗu suka tsaya kan systemd, huɗu kan Upstart, kuma biyu cikin masu son Upstart ma'aikatan Canonical ne. Shugaban kwamitin, Bdale Garbee, shi ya raba gardama da ƙuri'arsa. Ka ga ba jama'a ce gefe guda kamfani gefe guda ba. Kayan kamfani biyu ne aka ajiye gaban masu aikin sa kai aka ce su zaɓa. Upstart ma sai ka sa hannu kan yarjejeniyar Canonical kafin a karɓi gyaranka, abin da ya kore mata mutane da yawa. Bayan kwanaki kaɗan Mark Shuttleworth ya ce Ubuntu za ta bi Debian.

Sannan ni da nake kula da sabar ofis kullum, ba zan ɓoye ba, systemd ya sauƙaƙa mini rayuwa. Da can kowace hidima tana da dogon rubutun umarni, na Debian daban, na CentOS daban. In wata ta mutu tsakar dare ba mai tayar da ita sai ni, in hau babur daga unguwarmu zuwa Plateau. Yanzu layi goma ne, in ta faɗi ta tashi da kanta, da safe in duba journalctl in ga ƙarfe nawa ta faɗi da dalili. Ba wanda ya biya ni in faɗi wannan.

Laminu:
Yaya Hadiza, to ai kin ƙarfafa maganata. In zaɓin tsakanin kamfani da kamfani ne, ina namu?

Hadiza:
Naku shi ne wanda kuka zauna kuka rubuta. Lasisin systemd LGPL ne, kowa na iya ɗauka ya gyara, ba a kulle ba. Masu Devuan sun ware a Nuwamba 2014, sai Mayu 2017 suka iya fitar da bugu na farko. Shekara biyu da rabi, kuma ba don ba su iya ba ne, don da dare suke yi bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su. Wancan kuwa tun safe har yamma aikinsa ke nan. A 2019 ma ƴan Debian duka sun sake jefa ƙuri'a, suka zaɓi systemd tare da barin ƙofa ga masu neman wata hanya.

Alhaji Ila:
Nan ne nake so ku tsaya ku duba da kyau, ku biyun. Ba a tilasta wa kowa da sanda ba, Hadiza ta yi gaskiya. Amma akwai tilas ɗin da ba ya buƙatar sanda. Wanda ke da ma'aikata masu albashi shi ke rubuta mafi yawa, shi ke halartar kowane taro, shi ke amsa kowace wasiƙa. Mai sa kai in ya yi gardama wata uku sai ya gaji, yana da iyali. In masu rubuta shirye-shirye suka daina gwada kayansu a tsohon tsari, tsohon tsarin zai rube a tsaye ko ba wanda ya hana shi.

Kuma ku tambayi kanku, haɗe komai cikin /usr wa ya fi yi wa amfani? Wanda ke da inji dubu goma a ɗaki mai sanyi. Yana son tsarin duka ya zama dunƙule guda, a hana rubutu a kai, a sa masa hatimi, a kwafa shi sau dubu, in sabuntawa ta ɓaci a koma na jiya. Wannan buƙata ce ta gaskiya, kuma abokan cinikin Red Hat ke nan, bankuna da manyan ma'aikatu. In injinsu guda ya ƙi tashi ba sa gyara shi, shafewa suke su sake zubawa. Habu kuwa inji guda gare shi, in ya shafe ya sake saukewa sai ya ƙone forfe ɗin intanet na wata. Ba mugunta aka yi masa ba. Ba ya cikin ɗakin ne lokacin da ake aunawa.

Mushe Habu:
Alhaji, ka faɗi abin da ke cikina na kasa furtawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to amma ba a tambayi mai wanga ɗaki ba.

Sani:
Ni dai ku bar ni in kawo nawa ɓangaren, don ku kuna maganar bayan inji ya fara tashi, ni kuwa a ƙofar nake zaune. Kwamfutar da ake saukewa Katako yanzu, tun daga zamanin Windows 8, wato 2012, kusan duka da UEFI da Secure Boot suke zuwa. Ma'anarsa babban allon da ke cikin injin ba ya yarda ya tayar da komai sai mai hatimin da ya sani. Hatimin wa ya sani? Na Microsoft, shi masu ƙera inji ke sawa tun daga masana'anta. Don haka Debian, Ubuntu, Fedora, kowa sai ya kai wani ɗan ƙaramin shiri mai suna shim, wanda Matthew Garrett ya rubuta, Microsoft ta sa masa hannu, sannan shi ya buɗe wa GRUB, shirin da ke loda Linux, ƙofa. Ko ɗan kason diskin da ake ajiye kayan tashin, da FAT ake tsara shi, tsarin Microsoft tun zamanin DOS.

A Agusta 2024 an ga abin da hakan ke nufi. Wata sabuntawar Windows da aka fitar don toshe tsohuwar ɓaraka ta GRUB ta hana Linux tashi a injunan mutane da yawa a duniya masu tsari biyu, Windows da Linux, har kamfanin ya amsa cewa matsalar ta faru. Kuma takardar hatimin da aka yi a 2011, wa'adinta Yuni 2026 ne. Wasu sababbin injuna ma a kashe suke zuwa da amincewa da hatimin da Linux ke bi, sai ka shiga saitin allo ka kunna da hannunka.

Laminu, kai da Devuan ɗinka, in Secure Boot na kunne ta wannan ƙofar kake shiga kamar kowa.

Laminu:
Ni kashe shi nake yi, Malam Sani.

Sani:
Ni ma haka nake wa yawancin masu kawo mini. Amma makon jiya wata baiwar Allah ta zo da ƴar ƙaramar kwamfuta da ɗan'uwanta ya aiko mata daga Faransa, ta wani ofis ce da aka sayar. Na danna F2, sai ta nemi kalmar sirri. Wanda ya sa kalmar yana can wata ƙasa, wataƙila ma ya manta. Ba kashe komai, ba canza komai. Abin da ya cece mu shi ne kilen Ubuntu mai shim ɗin nan, injin ya gane hatimin ya karɓa. Na zauna kan benci ina kallon tana tashi, raina biyu. Na ji daɗi ta samu abin karatu, kuma na san da izinin wani ta tashi.

Hadiza:
Wannan kam ban da ja, Malam Sani. Tsakanin systemd da hatimin allo akwai bambanci babba. Na farko in ba ka so kana iya cire shi, ga Alpine da Gentoo da OpenRC, ga Void da runit, ga Slackware. Na biyu a cikin ƙarfen yake. Sai dai shi ma ba don wasa aka yi shi ba, akwai miyagun shirye-shirye da ke shiga tun kafin tsarin ya tashi, ba mai ganin su. Matsalar ita ce babu wata hukuma ta kowa da kowa da ta ɗauki nauyin riƙe hatimin, sai ya zauna hannun wanda masu ƙera inji ke saurara.

Laminu:
Tunda an zo tsaro, ku tuna xz, ƴar manhajar matse fayil, a Maris 2024. Ƙofar ɓoyen da aka dasa ta isa sshd, shirin shiga inji daga nesa, ta hanyar libsystemd ne, wani ɓangaren systemd, wadda Debian da Fedora suka jona masa. Ga illar tara komai gida ɗaya.

Hadiza:
Gaskiya ne ta nan ta bi. Amma ka ƙarasa. Mi ya ba maharin dama? xz mutum guda ne ke riƙe da ita, ba albashi, ya gaji, sai wani ya yi shekara biyu yana nuna taimako har aka ba shi makulli. Wanda ya gano kuwa, Andres Freund, ma'aikacin Microsoft ne, ya lura shiga sshd ya ƙara jinkirin rabin daƙiƙa ya bi sawu. Inda ba kuɗi ne aka shigo, inda ake biyan mutum ya zauna ya duba ne aka kama. Ni abin ya fi tayar mini da hankali ta wannan fuska.

Zainabu:
To wayoyinmu fa? An ce Android ma Linux ce.

Alhaji Ila:
Zuciyarta Linux ce, amma Google ba ta tsaya gardama da kowa ba. Ta yi nata shimfiɗar, /system da /vendor da /data, ta rubuta nata mai tayarwa, masu ƙera waya suka kulle ƙofa. Linux ɗin da ta fi yawa a Nijar ita ce wadda ke aljihun mai shayi da ɗan kabu-kabu, kuma ba ɗaya cikinsu da zai iya taɓa tushenta. Shi ya sa rigimar Debian, duk da zafinta, ba na raina ta. Can aƙalla an yi ta a fili, wasiƙun suna nan, ƙuri'un suna nan da sunan kowa.

Mushe Habu:
Hadiza ɗiyata, na bi maganarki. Na cire kile na bar ta ta faɗa baƙin allon, na rubuta fsck da sunan kason. Tambaya ta yi ta zuwa ina amsawa, na fi minti ashirin. Na rubuta exit, ta tashi. Allah shi yi miki albarka. Kin wuce malaminki, kuma haka nake so.

Amma ba zan ce na gamsu ba. Da nake karanta bayanin Debian 13 da ta fito Agusta 2025, wanda yanzu na koyi karantawa, na ga abu biyu. /tmp ya koma zama cikin ƙwaƙwalwar inji, ni kuwa injunana giga biyu gare su. Sannan sun daina fitar da tsari cikakke don injin 32-bit, kuma uku cikin sha huɗuna irinsu ne. Suna aiki lafiya lau, yara na koyon rubutu da lissafi a kansu. Wannan ba Red Hat ba ce, masu sa kai ne suka ce ba su da hannun da zai riƙe. To wa zai riƙe? Ba kamfanin da ke da ciniki a kan injin 2006 da ke Tawa.

Hadiza:
Amin Mushe. /tmp ɗin umarni guda ne ke mayar da shi kan diski, zan turo muku. Na 32-bit kuwa ba ni da amsa mai daɗi. Ku bar su kan 12 muddin ana ba ta gyaran tsaro. Abin da zan roƙa, mu da ke nan mu fara rubuta rahoton matsala zuwa can da kanmu. Na taɓa aika guda kan inji mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, cikin kwana huɗu wani ya amsa yana neman in gwada gyara, don shi ba ya da irin injin. Ba su san yadda wuta ke ɗaukewa sau uku a wuni ba sai mun faɗa.

Laminu:
Faɗa kawai ba ta isa ba Yaya, amma na yarda a fara. Mushe, akwai antiX, kan Debian aka gina ta, ba systemd, kuma don tsofaffin injuna aka yi ta. Ina da ita a kile. In kun yarda in zo ran Asabar mu gwada kan guda cikin ukun.

Sani:
Mushe, kafin Asabar ku canza batirin ondila ɗin nan don Allah. Sannan in da hali ku mayar da /usr cikin diski na ɗaya, na biyun da ya fara ciwo ku daina dogara da shi. Ina da wani na giga 500 da na ciro daga injin da allonsa ya ƙone, na gwada shi lafiya. In akwai mai tahowa Tawa a mota zan ba shi.

Mushe Habu:
Na gode Sani, ƙanen matata zai taso daga Yamai ran Alhamis, zan haɗa ku. Laminu ka zo da hantsi kafin rana ta yi zafi, ƙarfe tara ina lakwal. Ka taho da kilenka, kuma ka zo da haƙuri, don guda cikinsu ba ta tashi daga kile sai faifai. Hadiza, wancan rahoto da kika ce, da Turanci ake rubuta shi ko suna karɓar Faransanci?